Ruwan Shuka Ya Same Ni a Njamena

Sale dillali ne ya fara gaya mini cewa tsakanin Njamena da Kano awa ɗaya ce da 'yan mintoci a jirgin sama. A kasuwar Bagwai ya faɗa, lokacin da yake neman masu noman rani da za su je su yi wa wani attajirin Chadi aikin lambu a bakin kogin Shari. Ya zaro wayarsa ya nuna mini: ga filin jirgin Kano, ga na Njamena, ga wani jan layi a miƙe sambal tsakaninsu, kilomita ɗari bakwai da ɗoriya. Ya ce, "Ishaya, in ka taso tare da wanda ya hau mota a Zariya, sai ka riga shi shan ruwa a gida." Ba ƙarya ya yi ba, na bincika daga baya. Sale irin mutanen nan ne da ke cutar ka da gaskiya.

Dalilin da ya sa maganar ta zauna mini shi ne gona. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona manne take da gona, babu saura, babu dajin da mutum zai sara. Tun rasuwar Babana ba a raba gonakin gidanmu ba. Yayansa, Baffa Tanko, shi ke riƙe da gandu, shi ke cewa wane ya noma nan, wane ya noma can. Ni ya bar mini wadda Babana ya yi ta nomawa har ya bar duniya, kuma da ita nake ciyar da kaina da Inna, don ni kaɗai ne namiji a ɗakinta. Sai dai Baffa yana da doka ɗaya a kan 'yan ci-rani, kuma kowa a gidan ya san ta: duk wanda ruwan shuka ya same shi a waje, gonarsa ta bana ta koma hannun wanda ke gida. Wanda ke gida kuwa shi ne ɗansa, Yaya Haruna, mai 'ya'ya biyar da gonar da hatsinta ba ya kai su bazara. A baki aro ne na shekara guda. Amma ni ban taɓa ganin gonar da wani ya zuba wa taki ya ci amfaninta ta dawo hannun mai ita salin-alin ba.

Da na je wa Baffa da maganar tafiya, sai ya ce, "Chadi fa ba Kaduna ba ce."

Na ce, "Baffa, awa ɗaya ce a jirgi. Ranar da aka yi ruwan shuka a buga mini waya kawai. Kafin rana ta yi tsaka ina gona."

Ya daɗe yana kallona, yana goge haƙoransa da asuwaki. Can ya ce, "To. Kwana biyu zan riƙe maka Haruna. In ƙasa ta fara shan iska, ba ruwana."

Zuwa kam a mota muka je, mu shida daga garuruwa daban-daban, ta Maiduguri da Gamboru, muka ratsa Kamaru. Sale ya ce jirgi na ranar larura ne, ba a ɓarnar kuɗi a kansa haka kawai, na kuma ga hankali a maganar. Ban tambayi kaina me ya hana shi kansa hawa ba. A Kusiri, garin Kamaru da ke fuskantar Njamena ta ƙetaren kogi, ya damƙa mu hannun wani dogon mutum mai rawani, ya ce zai sayo katin waya ya dawo. Har yau bai dawo ba.

Lambun yana can bayan gari, a bakin ruwa. Sale ya ce mana akwai ɗaki, akwai injin ban ruwa, akwai albashi duk wata. Ɗakin rumfar zana ce. Injin yana nan da gaske, amma ya fi mu son hutu, rabin ranakun da bokiti muke ɗibar ruwa daga kogi. Albashin kuwa ya zama kaso, sai an cire albasa an sayar. Mai lambun, Alhaji Mahamat, ba mugu ba ne. Shi a saninsa abin da suka shirya da Sale ke nan, ya kuma sallame shi tun kafin mu iso. Ba ya jin Hausa, mu ba ma jin Larabcinsu, sai nuni da hannu. Kalmar da na fara koya ita ce mafi, wato babu, don ita aka fi gaya mana. Na yi fushi sosai a makon farko, har na ɗaure kayana. Da na tuna zan shiga ƙauye hannu rabbana bayan duk cika bakin da na yi, sai na kwance.

Aikin dai aikinmu ne, ba a koya mana shi ba. Muka gyara fangali, muka dasa albasa da barkono, lambu ya yi kyau har maƙwabta na zuwa leƙe. Abin da ya fi aikin wahala shi ne kewa. Ranar Juma'a abokan aikina biyar sukan yi wanka su tafi masallaci tare, su dawo suna raha. Ni Kirista ne, kamar yawancin mutanen gidanmu, don haka ranar Lahadi sai in zauna ni kaɗai a bakin kogi in yi addu'ata, in rera waƙar majami'a a hankali. Ba muryar da ke amsa mini. A nan na san cewa waƙar da aka saba yi cikin jama'a ba ta da daɗi a bakin mutum ɗaya.

Malam Abakar na haɗu da shi a kasuwa, ranar da aka aike ni sayo maganin feshi. Ina ta fama da nuni, sai tsohon da ke shagon ya ce, "Yaro, faɗi da Hausa, ka huta." Na kusa rungume shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa zai je aikin Hajji, guzuri ya ƙare a nan, ya zauna ya yi iyali. Shi Malam Abakar bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce tsaf. Ya zaunar da ni ya zuba mini shayi, ya yi ta tambaya.

"Da gaske dutsen Dala a tsakiyar gari yake?"

"Da gaske, Baba."

"Har yanzu ana rini a Kano?"

"Ana yi."

Da aka kira azahar ya miƙo mini buta, na ce masa ni Kirista ne. Ya tsaya da butar a hannu. "Bahaushe, kuma Kirista?" Na ce ƙwarai, garuruwa ne guda-guda a wajenmu. Ya ce, "Ikon Allah. To tsare mini shagon in dawo." Lahadin da ta biyo baya da kansa ya zo lambu a kan babur, ya kai ni har ƙofar wata majami'a, ya ce shi nan ya tsaya. Ban ji kalma ko ɗaya a abin da aka yi a ciki ba, amma na zauna cikin mutane. Daga ranar matarsa kan aiko mini da tuwo da miyar kuka mai daddawa. Ran da na fara buɗe kwanon, ƙamshin ya bugi hancina, sai da na juya wa abokan aikina baya, don hawaye ne suka zo mini.

Zafi ya yi zafi, aka cire albasa aka zuba a rumbu, sai ga shamuwa sun fara sauka a kan bishiyoyin bakin kogi. Duk ɗan manomi ya san abin da zuwan shamuwa ke nufi. Malam Audu, babbanmu, mutumin Dawakin Tofa, ya dube su da safe ya ce, "To, jama'a, a tattara." Alhaji Mahamat ya roƙe mu, ta bakin wani mai tafinta, cewa mutum ɗaya ya tsaya ya ƙarasa tsinkar barkono, ya kuma jira albasa ta yi kuɗi, zai ƙara masa kaso. Na ce ni ne.

Malam Audu ya ja ni gefe. "Ishaya, kana da hankali kuwa? Damina a bakin ƙofa take."

"Malam, ku dai ku kama hanya tun da wuri, tunda mota za ku hau. Ni jirgi zan bi. Wataƙila ma in riga ku."

"Ka taɓa hawa?"

"Shi wanda ya hau, da hawansa aka haife shi?"

Suka yi dariya suka tafi. Na ware kuɗin jirgi na ƙulle daban. A lissafina, tunda ya fi mota sauri, bai wuce ya ninka kuɗin mota sau uku ba. Ban tambayi kowa ba, har Malam Abakar, don ban ga abin tambaya a ciki ba. Na san tasha, na san lodi, na san yadda ake tafiya.

Wata safiya ina tsinkar barkono waya ta yi ƙara. Yaya Haruna ne.

"Ishaya, an yi ruwa jiya, mai yawa. Ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu. Baffa ya ce a sanar da kai."

"Madalla! Yaya, ka ce wa Inna ta fito da iri. Ga ni nan."

"Yau?"

"Yau ɗin nan."

Na yi wanka, na saka rigar Lahadi, na cusa kayana a jakar bakko. Na biya ta shagon Malam Abakar don in yi masa sallama, in kuma bar masa amanar kasona na albasa. Da ya ji inda za ni sai ya ce, "Ka yanki tikiti?" Na ce a can zan yanka. Sai ya rufe shago ya tayar da babur.

Filin jirgin Njamena a cikin gari yake, ba nisa. Tun daga bakin titi nake baza kunne in ji inda ake kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. Shiru. Babu ɗan kamasho, babu mai talla, sai masu tsaron ƙofa da tsabta ko'ina. Na ce wa Malam Abakar ya tambaye su wajen da jirgin Kano ke lodi. Ya tambaya yadda na faɗa. Ɗayansu ya dube ni tun daga takalmi har jakar bakko, ya yi murmushi, ba na wulaƙanci ba, ya kwatanta mana wani ofishin sayar da tikiti a cikin gari.

A ofishin muka tarar da wata mata mai tabarau a gaban kwamfuta. Sanyin na'ura ya sa gumin jikina ya daskare. Malam Abakar ya yi mata bayani, ta ɗan latsa, ta amsa masa.

Ya ce, "Ta ce gaskiya ne. In jirgi ya tashi daga nan ya miƙe Kano, awa ɗaya ce da 'yan mintoci."

"To alhamdu lillahi. A yanka mini."

"Ta ce amma babu shi."

"Ya cika ne? Sai in jira na bayansa."

"Ba cika ya yi ba, ɗana. Babu jirgin da ke bin wannan hanyar a yanzu. Ta ce an taɓa yi, an daina."

Matar ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga Njamena, ga Kano, kusa da juna kamar yadda Sale ya nuna mini. Sai ta ɗora yatsa a Njamena ta ja shi gabas, ta yi ta ja, har ya kusa fita daga gilashin. Nan ce Habasha. Jirgin da ake da shi can zai kai ni in kwana, washegari wani ya ɗauko ni ya dawo da ni ta saman Chadin da na baro, sannan ya sauke ni a Kano. Shi ɗin ma sai jibi zai tashi. Kuɗin da ta ambata, ko an haɗa abin da na ƙulle da albasar da ban karɓa ba da jakar bakkon kanta, ba su kama ƙafarsa ba. Ta ƙara da tambayar fasfo. Ni katin ɗan ƙasa kawai gare ni, da shi na ratso shingayen hanya, inda ya gaza na haɗa da ɗan na goro.

Raina ya ɓaci, na kuwa sauke a kan matar da ba ta yi mini komai ba. Na ce ga gari ga gari, yatsa biyu tsakani, a ce sai na je bangon duniya? Na ce wane irin jirgi ne ba ya iya miƙewa, alhali babu rami babu shinge a sama? Na faɗi wasu maganganun da Malam Abakar ya yi mini alheri bai fassara ba. Ita dai ta tashi ta ɗebo ruwan sanyi a kofin roba ta miƙo mini. Na karɓa na sha. Tsoro ne ya kama ni.

A waje Malam Abakar ya ce, "Hau mu tafi. Hanyar da kakana ya biyo, ita ce dai har yanzu." Muka biya gidansa, matarsa ta ƙulla mini dabino da busasshen nama. Ya kai ni bakin gadar da ke ƙetarawa Kamaru, ya riƙe hannuna ya ce in na isa in gaishe masa da Kano gaba ɗayanta.

A tashar Kusiri na ji kiran da nake nema tun safe. Wani ɗan kamasho ya fizgi jakata yana cewa saura mutum ɗaya a tashi. Na leƙa, mota cike da mutane, har da mai jariri. Na biya na shiga ina godiya ga Allah. Ban gama zama ba na kusa da ni ya ce zai kama ruwa. Wani ya sauka sayen goro. Mai jaririn ta ce ta manta saƙo. Kafin in ankara saura ni da wani tsoho mai kaji. Ashe fasinjojin haya ne, aikinsu ke nan, su zauna a cika ido. Ni da nake ganin na san tasha! Na nemi kuɗina, ɗan kamashon ya manta Hausa nan take. Sai bayan la'asar motar ta cika da mutanen gaske.

Tsakanin Kusiri da Fotokol, garin Kamaru na bakin iyakar Najeriya, su ma an yi musu ruwa. Ƙasar wajen baƙar laka ce, in ta jiƙu sai ta kama taya ta ƙi saki. Mun fi tura motar a kan yadda ta ɗauke mu. Rigar Lahadi ta koma rigar gini. A wani ƙauye da ban san sunansa ba muka kwana a rumfar kasuwa. Da safe, ban san na yi ba, na tsinci kaina na duƙa na damƙi ƙasa ina matsawa in ji damshinta. Ta dunƙule a hannuna, har na ji daɗi. Sai na tuna ƙasarmu ba irin wannan ba ce. Tamu jigawa ce, ruwa ba ya daɗewa a cikinta, rana biyu masu zafi sun ishe ta.

Sai da muka sake kwana a hanya na taka gadar Gamboru da ƙafa na shigo Najeriya, na ce to, an yi mai wuyar. Ashe da saura. Saboda halin tsaro, motoci ba sa fita Maiduguri ɗaiɗai, sai a ayari, da rakiyar sojoji, kuma ayarin ranar ya riga ya tashi. Yaushe na gaba? Kowa da amsarsa. Masu manyan motoci sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu suna dafa shayi, alamar sun saba. Ni na kasa zama. Na je bakin shinge na dawo, na sake zuwa na dawo, har wani soja ya tambaye ni ko wani abu na ɓatar.

A nan wayata ta sami sabis, na kira Yaya Haruna.

"Ishaya! Kana ina? Tun shekaranjiya ake zuba ido."

"Ina Gamboru, Yaya."

"Gamboru kuma? A nan jirgin ya sauke ka?"

"Babu jirgi. A mota nake tafe."

Ina jin kukan awaki ta bayansa, na gane na gidanmu ne. Can ya ce, "Baffa ya ce in fita gobe da sassafe. Saman ƙasa ya fara fari. Wallahi ba da son raina ba ne, ka san halin da nake ciki."

"Na sani, Yaya."

Na so in roƙe shi ya ƙara mini kwana, amma ni ma manomi ne. In aka bar damshin nan ya wuce, ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai zo, gonar sai ta tashi ba tawa ba tasa. Na kashe wayar na zauna a gindin tayar wata babbar mota, na sa kai a gwiwa.

Mai motar, wani Babarbare da ake kira Bukar, shanu ya ɗauko zai kai kudu. Ya taɓa ni da ƙafa ya ce in matso inuwa. Ya zuba mini shayi, na fito da dabinon matar Malam Abakar muka ci tare. Na ba shi labari tun daga kasuwar Bagwai. Da na zo wajen tambayar inda jirgi ke lodi, ya yi dariya har ya ƙware. Da ya gama ya ce, "Ba komai. In an buɗe hanya ka hau tawa. Ba ta tashi sama, amma tana zuwa." Ya cika alkawari. Ran da ayari ya tashi ya ba ni wuri a gaba, kusa da yaran motarsa, ya kai ni har Maiduguri bai karɓi ko sisi ba.

Daga Maiduguri na hau bas ta Kano, na zauna jikin taga. Ban yi barci ba, gonaki nake kallo. Wajen Damaturu ƙasa a bushe take, ruwan bai kai nan ba, har zuciyata ta fara yi mini ƙaryar ko a gida ma ba a yi nisa ba. Bayan Potiskum na fara ganin mutane a gona, mai sungumi a gaba yana sara, mai ƙwarya a baya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Muna shiga ƙasar Kano babu kowa a gonakin, an gama. Wajen Wudil na ga abin da nake gudu: gero ya tsiro, siriri, kore shar, layi-layi. Daga nan na daina kallon taga.

A Kano ɗan adaidaita sahun da ya ɗauke ni zuwa tashar motocin Bichi ya bi ta gefen filin jirgi. Ya nuna mini da haɓa ya ce, "Malam, ka ga masu kuɗi, yanzu su tashi yanzu su isa." Na ce masa haka ne.

Ban shiga gida ba. Daga inda ɗan acaɓa ya sauke ni na yanke ta bayan gari da jakata a ka, na nufi gona. Tun daga nesa na ga ta yi kore. Layuka a miƙe tsaf, taku daidai, hannun Yaya Haruna ne, ko a ina na gan shi zan gane. Na bi gefe ina tafiya a hankali, ban san ma me nake nema ba. Da na kai ɓangaren gabas, wajen da ya fi kusa da gida, sai shukar ta sauya. Layukan nan a karkace suke, ramukan kurkusa, wani wuri geron ya fito cunkus, wani wuri ya yi tsalle. Wasu layukan sun yi nisa, wasu sun tsaya a rabi. Kuma tsironsu ya ɗan fi na sauran gonar tsawo. Duka-duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba.

Yaya Haruna yana can yana duba inda tsuntsu ya tone. Ya hango ni ya taho. Muka gaisa, ya karɓi jakar daga kaina ya ajiye.

Na ce, "Yaya, wa ya yi wannan?"

"Inna ce."

"Ita da wa?"

"Ita kaɗai. Ran da ka ce kana tafe ta fito da iri ta zauna a bakin gona har yamma. Washegari ta ɗauko sungumin Babanku. Sai ta sara layi, ta ajiye sungumi, ta koma ta ɗauko ƙwarya ta bi ta zuba. Na zo in kama mata ta kore ni. Ta ce in na sa hannu, shukar ta zama tawa. Matata ma ta zo, ta kore ta."

"Baffa bai hana ta ba?"

"Ya yi magana, ta ce masa dokarsa a kan wanda ke waje take, ita kuwa tana gida. A rana ta biyu ƙafa ta ƙi, sai ɗauko ta aka yi. Baffa ya zo ya duba, ya ce duk inda sungumin Inna ya taɓa naka ne, ba aro ba komai. Sauran ya ce in shuka."

Na tarar da ita a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura suna ƙyallin man zafi, tafin hannunta duk ya ɗuri ruwa ya fashe. Na durƙusa. Duk hanya ina shirya abin da zan ce mata, tun daga Kusiri nake gyara shi. Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni.

"Ishaya, ka iso? Ka biya ta gonar?"

"Na biya, Inna."

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Iya inda ƙafata ta kai ke nan."

Sauran gonar tana hannun Yaya Haruna har yau. 'Ya'yansa sun zama bakwai, ban kuma taɓa samun bakin tayar da maganar ba. A daminar nan na dasa gamba a kan iyaka, na bi bakin shukar Inna yadda take, inda ta shiga na shiga, inda ta tsaya na tsaya. Baƙi in sun biyo ta wajen sukan tsaya su tambaya wane ne ya ja iyakar gona a karkace haka. Sai in ce musu Inna ce.